Yadda Ake Auna Gudun Furosesar da Ba a Ƙera Ba Tukuna

Furosesar da ke cikin waya ko kwamfutar da aka saya bana, wadda wasu ke kira ƙwaƙwalwar na'ura, manyan shawarwarin da suka shafi gudunta an yanke su ne tun shekaru uku zuwa biyar da suka wuce. A lokacin babu ita, sai zane da muhawara. Duk da haka sai da wani ya tashi a ɗakin taro ya ce in aka faɗaɗa wannan sashe aka matse wancan, za a samu ƙarin gudu na kashi kaza cikin ɗari, kamfani kuma ya ɗauki maganarsa ya ɗora aikin ɗaruruwan injiniyoyi a kanta. Wannan mutum shi ne injiniyan kwaikwayon aikin furosesa. Sana'arsa ita ce ya rubuta manhajar da ke kwaikwayon furosesar da ba a ƙera ba, ya gudanar da manhajojin gaske a kanta, ya faɗi yadda abin zai yi gudu. A ganina wahalar aikin ba a rubuta manhajar kwaikwayon take ba. Tana wajen sanin iyakar inda za a yarda da abin da ta faɗa.

Da can ba a buƙatar wannan sana'a sosai. Intel 4004 ta shekarar 1971 taransista 2,300 ne a cikinta, wato ƙananan makunnan lantarkin da ake gina furosesa da su, mutane ƙalilan suka zana ta, kuma mutum ɗaya zai iya riƙe dukkan tsarinta a kansa. M1 da Apple ya fitar a 2020 tana da taransista biliyan 16. Babu kan da zai ɗauki wannan. Kuma ba abu ba ne da za a ce a ƙera a gwada, in bai yi ba a sake: faifan zanen da masana'anta ke haska silikon da su kaɗai miliyoyin daloli suke ci, sannan daga miƙa zane zuwa dawowar samfurin farko watanni ne. Kuskuren da ya riga ya shiga silikon kuwa ya shiga ke nan. Matsalar lissafin rabawa da aka gano a Pentium a 1994 ta ci wa Intel dala miliyan 475.

Duk lissafin gudu yana komawa ga abu uku da ake ninkawa da juna: yawan umarnin da manhaja za ta sa a zartar, yawan bugun agogon da kowane umarni ke ci a matsakaici, da tsawon kowane bugu. Mai saye na ukun ya fi sani, don shi ake rubutawa a jikin kwali: 3 GHz, wato bugu biliyan 3 a daƙiƙa ɗaya. Abin da ba a rubuta masa ba shi ne ukun nan jan juna suke yi. Ka gyara ɗaya, ɗaya ya ɓaci.

Babu abin da ya nuna haka ƙarara kamar Pentium 4. Furosesa ba ta gama umarni ɗaya sannan ta ɗauki na gaba. Kowane umarni yana bi ta jerin matakai ne: a ɗauko shi, a warware ma'anarsa, a zartar, a rubuta sakamako. Yana shiga mataki na biyu, wani ya shigo na farko. In aka daddatsa matakan suka yi ƙanana, kowane zai ƙare da wuri, agogo ya samu damar bugawa da sauri. A kan wannan Intel ya kafa Pentium 4 a 2000, da matakai 20, zuwa 2004 ya kai su 31, ana ta maganar za a kai 10 GHz. A 3.8 GHz aka tsaya. Zafi ne ya fara tare hanya. Tun 1974 Robert Dennard na IBM da abokan aikinsa suka nuna cewa in taransista ta ƙanƙance aka rage mata ƙarfin lantarki daidai gwargwado, wutar da kowane fili na silikon ke sha ba ta ƙaruwa. Shekara talatin masana'antar tana cin wannan gajiya, sai wajen 2005 abin ya daina aiki, domin an kai inda in aka ƙara rage ƙarfin lantarkin, wuta za ta riƙa yoyo ko taransistar tana kashe. A 2004 Intel ya soke magajiyar da yake shiryawa mai suna Tejas. A 2006 ya fito da Core 2, wadda ta samo asali daga furosesar kwamfutar tafi-da-gidanka da aka zana a birnin Haifa na Isra'ila. Agogonta bai kai na Pentium 4 ba, matakanta 14 ne, amma ta fi ta gama aiki nesa ba kusa ba.

Zafi ba shi kaɗai ba ne. Dogon jerin matakai yana da wani ciwo, kuma a nan ne aikin mai kwaikwayo ya fi fitowa fili. Manhaja cike take da mararraba: in kaza ya faru a bi nan, in bai faru ba a bi can. A manhajojin yau da kullum, cikin kowane umarni biyar ko shida ɗaya mararraba ce. Furosesa ba za ta tsaya jiran sanin amsa ba, don kafin amsar ta fito bugu da yawa sun wuce a banza. Sai ta yi hasashe ta ci gaba da aiki a hanyar da ta zaɓa. In hasashen ya yi daidai an ci riba. In ya kuskure, duk abin da ta fara a wannan hanya sai a zubar a dawo baya, asarar bugu 15 zuwa 20 a furosesocin zamani.

A ɗauki misali da lissafi mai sauƙi. A ce umarni 1,000 ne, 200 daga ciki mararraba, furosesar kuma tana iya gama huɗu a kowane bugu in babu tangarɗa. Bugu 250 ke nan. In mai hasashe yana dacewa sau 95 cikin 100, zai kuskure sau 10, kowane kuskure bugu 20, an ƙara 200, jimla 450. In aka inganta shi ya kai sau 99 cikin 100, kuskure biyu ne kacal, bugu 40, jimla 290. Wanda ya ji an tashi daga 95 zuwa 99 zai ɗauka ɗan gyara ne, alhali fiye da sulusin lokacin aka zaftare. Shi ya sa tun daga ƙananan ma'aunan James Smith na 1981, zuwa tsarin Yeh da Patt na 1991, zuwa TAGE da André Seznec ya gabatar a 2006, akwai mutanen da suka ƙarar da shekarunsu a kan wannan yanki ɗaya tak. Ban ga laifinsu ba.

Sai kuma batun nisa. Bayanan da ke cikin ma'ajiyar da ta fi kusa da cibiyar sarrafawa ana samun su cikin bugu huɗu ko biyar. In ba su nan aka koma ta biyu, bugu goma sha wani abu. Ta uku, bugu arba'in zuwa sama. In kuwa sai an fita zuwa RAM, babbar ma'ajiyar da ke wajen furosesa, bugu 200 zuwa 300 ne ko fiye. Kamar magini ne da bulo ke gefen ƙafarsa, da wanda sai an tafi bayan gari an ɗauko masa kowane bulo. Don kada cibiyar ta zauna hannu rabbana, ana ba ta damar tsallake umarnin da ke jira ta zartar da na bayansa waɗanda ba su dogara da shi ba, dabarar da Robert Tomasulo ya shimfiɗa a IBM a 1967. Manyan cibiyoyin yau suna riƙe da ɗaruruwan umarni a lokaci guda, wasu suna jira, wasu suna gudana, wasu ma a kan hasashen da bai tabbata ba.

Daga nan lissafin takarda ya daina isa. Lissafin da na yi a sama ya ɗauka asarori suna jeruwa ne ɗaya bayan ɗaya, amma a zahiri hawa kan juna suke yi. Kuskuren hasashe zai iya faruwa a daidai lokacin da ake jiran RAM, ya zama bai ci komai ba, don ko ba shi jiran ake yi. Wani lokaci ma hanyar kuskuren ce ke janyo bayanan da za a buƙata nan gaba, kuskuren ya zama alheri. Babu wata dabarar lissafi da za ta kama duk wannan. Dole sai an bi abin bugu bayan bugu.

Manhajar kwaikwayo, wadda galibi da C++ ake rubutawa, abin da take yi ke nan. A cikinta akwai kwafin kowane sashe mai tasiri ga lokaci: mai hasashe, layukan jira, ma'ajiyoyi, hanyoyin da ke tsakaninsu. Ba ta damu da kowace waya da kowace taransista ba, wannan aikin masu rubuta ainihin zane ne da harsuna irin su Verilog. Ita abin da take so ta sani shi ne wane umarni ne yake ina a kowane bugu, kuma me ya riƙe shi. Kowane babban kamfani yana da tasa da yake ɓoyewa kamar ransa. A jami'o'i kuwa gem5 aka fi amfani da ita, wadda ta samu a 2011 daga haɗewar M5 ta Jami'ar Michigan da GEMS ta Jami'ar Wisconsin, kuma kowa yana iya sauke ta kyauta ya duba cikinta.

Matsalarta ita ce rashin sauri. Furosesar gaske tana gama biliyoyin umarni a daƙiƙa, manhajar kwaikwayo mai zurfi kuwa in ta yi dubu ɗaruruwa ta yi ƙoƙari. Manhajar awo ɗaya, wato irin wadda ake gwada gudun furosesa da ita, tana iya kaiwa umarni tiriliyan ɗaya ko fiye. A kan umarni 200,000 a daƙiƙa, tiriliyan ɗaya kusan wata biyu ne, kuma gwaji ɗaya ke nan, a kan manhaja ɗaya, da tsari ɗaya. Don haka ba a gudanar da manhaja gaba ɗayanta. A 2002 masu bincike a Jami'ar California da ke San Diego suka fito da SimPoint: a yanyanka tafiyar manhajar gunduwa-gunduwa, a tattara gunduwoyin da halinsu ya yi kama, a ɗauki wakili ɗaya daga kowane rukuni, a ba shi nauyi gwargwadon girman rukuninsa. Dabara ce mai kyau, amma tana da tarko. In aka fara gunduwa da ma'ajiyoyi fayau da mai hasashen da bai koyi komai ba, sakamakon zai fito da muni fiye da gaskiya, don haka sai an fara ɗumama su da umarnin da suka gabata. Nawa ya isa ɗumamawar? Ya danganta da girman ma'ajiyar, wadda sau da yawa ita ce ma ake son gwadawa.

Ga yadda aikin yake a kusa. A ce mai zanen ma'ajiya ta biyu ya kawo shawarar a ninka girmanta, amma isa gare ta zai ƙaru da bugu biyu. Injiniyan kwaikwayo ya canza lambobi biyu a fayil ɗin saiti, ya tura ɗaruruwan gunduwoyi zuwa ɗakin sabobi, wato manyan kwamfutocin aiki, su kwana suna gudu. Da safe ya jera sakamakon a jadawali daga wadda ta fi faɗuwa zuwa wadda ta fi tashi. Layin yakan fito a lanƙwashe: tsakiyarsa a kwance kusa da sifili, wutsiyar dama ta ɗaga sama, ta hagu ta nutse. A ce matsakaicin ya nuna ƙarin kashi ɗaya da ɗigo. Sabon shiga wannan lamba zai kwasa ya kai taro. Gogagge kuwa wutsiyar hagu zai nufa, ya ɗauki gunduwar da ta faɗi da kashi shida, ya buɗe hoton tafiyar umarni, inda kowane umarni layi ne kowane bugu kuma ɗan gida. Nan zai ga wani tsani yana gangarawa: ana ɗauko adireshi daga ma'ajiya, da shi ake ɗauko na gaba, da na gaban ake ɗauko na gabansa, babu wanda zai fara sai wanda ya riga shi ya iso. A irin wannan sarƙa bugu biyun nan ana biyan su ne a kowane zobe, girman ma'ajiyar kuma bai amfane ta da komai ba don bayananta sun riga sun shige a tsohuwar. Tambayar da zai kai taro ta canza ke nan: manhajoji nawa ne cikin waɗanda masu saye za su yi amfani da su suke da wannan hali?

Sakamako mai daɗi shi ya fi hatsari. In ƙaramin canji ya ba da ƙarin kashi 15, a wannan fage zargi ake fara yi kafin murna. Galibi za a tarar manhajar kwaikwayon ce ta yi alfarmar da silikon ba zai yi ba: ta bar umarni uku sun karanta ma'ajiyar da ƙofa biyu gare ta, ko ta bar mai hasashe ya ga amsa kafin lokacinta. Mummunan sakamako kowa zai taya ka neman dalilinsa, musamman mai shawarar. Mai daɗi kuwa babu wanda zai matsa maka, kai kaɗai ne za ka tilasta wa kanka. Saboda wannan nake ganin bai kamata mai auna shawara ya zama yana ƙarƙashin mai kawo ta ba, ko da kuwa dukkansu mutanen kirki ne.

Maganin wannan shi ne daidaitawa, aikin da ba ya jawo suna amma komai a kansa ya tsaya. Da zarar ainihin zanen ya fara tafiya, sai a rubuta 'yan ƙananan gwaje-gwaje, kowane yana matsa sashe ɗaya: wani ninkawa zalla, wani mararraba zalla, wani sarƙar adireshi. A gudanar da su a zanen da kuma manhajar kwaikwayo, a kwatanta. Ɗaya ta ce bugu 1,040, ɗaya ta ce 1,000. Wa ke da gaskiya? Wani lokaci samfurin ne, wato manhajar kwaikwayon, ya manta wata ƙa'ida. Wani lokaci kuma zanen ne ke da aibin gudu: amsar da yake bayarwa daidai ce, don haka masu binciken sahihanci ba za su taɓa kama shi ba, amma yana ɓarar da bugu ɗaya a inda bai kamata ba. In ba a kama shi a nan ba, sai dai a gan shi a silikon. Akwai kuma abin da ke yaudarar mutum: jimla ta yi daidai alhali kurakurai biyu ne suka share juna, ɗaya ya ƙara ɗaya ya rage. Irin wannan samfuri zai ba da amsa daidai yau, gobe a canza sashe ɗaya ya ɓatar da kowa.

Ko samfurin ya daidaita tsaf, saura tambayar da ta fi kowace nauyi: da me aka gwada? Ƙungiyar SPEC, da aka kafa a 1988, tana fitar da tarin manhajojin awo da kowa ya yarda da su, na 2017 yana da guda 43. Sun yi amfani ƙwarai, don sun ba masana'antar ma'auni ɗaya. Amma duk ma'aunin da aka san da shi za a yi hukunci, a hankali zane yakan karkata wajen faranta masa. A 2015 wani bincike da aka yi a kan sabobin Google sama da 20,000 ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin 100 na bugun agogo yana tafiya ne a hidimomin gefe, irin su kwafar bayanai, matse su, raba ma'ajiya da shirya saƙonni tsakanin na'urori. Ya kuma nuna cibiyoyin suna yawan tsayawa jiran umarnin kansu, saboda manhajojin suna da girman da ba ya shiga ma'ajiyar kusa, halin da ba a cika gani a manhajojin awo ba. Wanda ya zana furosesar saba da SPEC kaɗai zai zuba taransista a inda ba nan ciwon yake ba. Gene Amdahl ya faɗi tushen wannan tun 1967: in sashen da ka gyara kashi 10 ne na lokacin aiki, ko ka mayar da shi sifili, kashi 90 na nan daram. Ga shi kuma ba manhajojin yau ake zana wa ba, na shekaru biyar masu zuwa ne, waɗanda wasunsu ba a rubuta ba tukuna.

Idan aikin ya yi kyau, ba ya zuwa da wata dabara guda mai ban mamaki. Bayan furosesarsa Bulldozer ta 2011 ta kasa, kamfanin AMD ya sanar da burin ƙara yawan umarnin da ake gamawa a kowane bugu da kashi 40 cikin 100 a sabon tsarinsa na Zen, da ta fito a 2017 kuma kamfanin ya ce kashi 52 aka samu. Irin wannan lamba tarawa ake yi: kashi biyu daga mai hasashe, ɗaya da rabi daga ma'ajiya, rabi daga faɗaɗa wani layin jira. Kowane sai an auna shi da filin silikon da zai ci da wutar da zai sha, domin tun bayan 2005 babu shawarar da ake karɓa don gudu kawai. Shawarar da ta ƙara gudu da kashi ɗaya ta ƙara shan wuta da kashi uku, a waya asara ce, a ɗakin sabobi ma haka.

Akwai kuma abin da samfurin bai tambaya ba sam. A watan Janairun 2018 aka bayyana raunin tsaro guda biyu a furosesoci, Spectre da Meltdown. Shekaru sama da ashirin ana ɗauka cewa aikin da furosesa ta yi a kan hasashen kuskure, in an zubar da shi ya tafi ba tare da alama ba. Ta fuskar sakamakon lissafi haka ne. Amma bayanan da hanyar kuskuren ta janyo suna zama a ma'ajiyar kusa, kuma mai mugun nufi zai iya auna lokacin da karatu ke ɗauka, bugu biyar ne ko ɗari biyu, ya gane me aka taɓa, daga nan ya tsamo sirrin da bai da izinin gani. Abin da ya fi damuna a wannan labari shi ne manhajojin kwaikwayo suna ɗauke da wannan hali tun fil azal. Sun san hanyar kuskure tana cika ma'ajiya, har ana lissafa shi cikin riba. Bayanin yana gaban kowa, tambayar gudu kaɗai aka yi masa. Gyare-gyaren da suka biyo baya sun rage gudu, musamman a manhajojin da ke yawan shiga da fita tsakaninsu da tsarin gudanar da na'ura, kamar rumbunan bayanai. Yanzu duk sabon mai hasashe ko mai janyo bayanai tun kafin a nema, sai ya bi ta hannun masu tsaro kafin a amince da shi, kuma shingayen da suka gindaya, kamar raba teburin hasashe tsakanin manhajoji ko goge shi in an sauya daga wata zuwa wata, ana saka su cikin samfurin tun farko, a cire abin da suka ci daga ribar da aka yi alkawari.